Jan Katakon Malam Alkasum

"Alt! Kashe mota!"

Kamiyon dai ya riga ya tsaya da kansa. Ƙafafunsa na baya sun nutse a taɓon kwarin da ke kusa da Takeita, injin sai gurnani yake, ba gaba ba baya. Amma Kafaran Ari ya yi kwana uku yana gwada wannan "alt" ɗin, wato "tsaya" a bakin soja, a bayan gari, ba zai yarda ta tashi a banza ba.

Su uku ne, kowa ya naɗe fuska da rawani, ga rana tsaka. Ari ne a gaba da bindiga. Tsohon soja ne, Babarbare, ya dawo daga yaƙin Nasara da igiyar kafaran a hannun riga da harsashi uku a ƙugun wando. Shekara goma sha biyar ke nan harsasan suna nan su uku. Nuna su kawai yake yi, mutane su miƙo kaya. Bayansa Mutari mai raƙuma, gajere, takobinsa na jan ƙasa. Na ukunsu Tahiru, dogo mai faffaɗan tafi, ya riƙe gatari kamar wanda aka ba ajiya.

"Sauko, shofer! Bit-bit!" in ji Ari, wato maza-maza.

"Ina tafe, ranka ya daɗe," in ji direban, wani ƙato mai tumbi da ake kira Zubairu. "Ƙofar ce ba ta buɗuwa ta ciki."

"To fito ta taga."

Zubairu ya zuro kai, ya zuro kafaɗu — tumbi ya ce shi ba inda za shi. Nan ya maƙale, rabi ciki rabi waje, hannuwa a sama.

"Kai dogo, zaga can," in ji Ari. "Akwai mutum."

Tahiru ya zaga da gatari a sama. Ɗaya ƙofar ta riga ta buɗe. Wani tsoho ya sauko a natse, farin gemu, fensir a bayan kunne, ya tattare rigarsa don kada ta sha taɓo. Suka yi kiciɓis a gaban mota, daidai inda Zubairu ke iya gani.

Tahiru bai san lokacin da ya yi ba. Ƙafa ta zare daga takalmi, ɗayar ta bi ta, ya durƙusa. Shekara tara yana yin haka kowace safiya a ƙofar shagon tsohon nan, jiki kuwa ba ya tambaya ko yau ranar fashi ce. Har ya buɗe baki zai gaishe shi, Allah ya taimake shi ya haɗiye.

"Kai! Gaisuwa muka zo?" Ari ya daka tsawa. "Tashi! Kaya!"

Ya zabura ya yi bayan mota. Takalman suka zauna a taɓo, a jere, kamar a ƙofar masallaci. Tsohon, Malam Alkasum kafinta, ya dubi takalman, ya dubi bayan dogon.

Suka yaye tamfol. Ɗauri takwas ne, kowanne ya fi mutum tsawo, an ɗinke shi cikin buhunan gyaɗa. Ari ya bubbuga ɗaya, ya ji tauri, ya washe baki a ƙarƙashin rawani.

"Wala, ga su nan. Ban faɗa muku ba?"

Tahiru ya kama bakin wani ɗauri ya ɗaga, ƙanshi ya daki hancinsa.

"Kafaran," ya ce ƙasa-ƙasa, "wannan fa ƙanshin katako ne."

"Gindin bindiga da me ake yin sa? Da tuwo? Ɗauka!"

Mutari ya fara jan wani ɗauri a ƙasa. Tsohon ya matso.

"Samari, in za ku ɗauka ku ɗaga. Ba a jan su."

"Ji tsoho," in ji Mutari. "Ana yi masa fashi yana koyar da aiki."

Amma Tahiru ya zo ya kama ɗaya bakin, suka ɗaga. Suka labta wa raƙuma uku, suka faɗa daji, suka nufi duwatsun wajen Dakusa.

Bari in koma baya kaɗan, ku ji yadda mutum mai hankalinsa yake tare hanya ya saci katako.

Daminar 1960 ce, saura kwana goma a sauke tutar Nasara a ɗaga ta ƙasa. Mutari ne ya ga kamiyon a Matamaye, motar ta kwana biyu tana jiran ruwa ya janye. Ya zo ya gaya wa Ari cewa kayan dogaye ne, ga nauyi, wani tsoho na kwana a kansu, ko yayyafi aka fara sai ya ƙara lulluɓe su da bargonsa. Kuma an ce kullum sai an aiko daga biro, wato ofishin hukuma, ana tambaya a tashar Damagaram ko motar ta iso. Ari ya lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Dogo, mai nauyi, mai tsoron ruwa, biro na cigiya.

"Bindigogi ne," ya ce. "Sabuwar gwamnati, sababbin bindigogi. Ni na yi soja. Ku kun yi?"

Ba su yi ba, don haka magana ta ƙare.

Gaskiyar ita ce, Malam Alkasum aka ba aikin dandamalin da manya za su tsaya a kai ranar ɗaga tuta. Bai taɓa samun aiki irin wannan ba tare da wani Nasara na tsaye a kansa yana nuni da sanda ba, shi ya sa ya ɗauki abin da zafi. Ya tafi Kano da kansa ya zaɓo jan katakon kurmi, irin wanda ruwa ba ya ci, gara ba ta ci. Ya zauna wata guda yana mulmule gefunansu da hannu, don ruwan sama ya riƙa zamewa, kuma don kada su yanki mai hawa ba takalmi. Ya shafe su da mai, ya ɗinke su a buhu. Arba'in ne cif, aikin kuma arba'in yake ci.

Shi kuwa Tahiru, a shagon Malam ya girma. Shekara huɗu da suka wuce ya buga ƙusa a ƙyauren wani attajiri bai fara huda wurin ba, ƙyaure ya tsage daga sama har ƙasa. Malam ya wanke shi da mari a gaban mai ƙyaure da masu wucewa. Tahiru ya ajiye guduma ya fita, bai sake waiwayar unguwar Birni ta Damagaram ba. Yunwa ta yi ta gara shi har ta kai shi hannun Ari. Da ya san tsohon da ke kwana kan kayan nan Malam ne, da ko ɗaure shi aka yi ba zai zo ba.

To, mu koma daji.

Ba su yi nisa ba wata farar ƙaya ta kama buhu, ta keta shi. Raƙumi ya yi rangaji, wani abu ja mai sheƙi ya zamo — sululu — ya faɗi a ciyawa. Na biyu ya bi shi. Ari ya ɗauka, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Murfin akwati ne," ya ce. "Bindigogin na ciki."

Suka farke ɗaurin, katako biyar. Suka farke na biyu. Ari da kansa ya farke sauran shida da wuƙa, yana huci. Da ya gama sai ya zauna a kan tarin, ya zare rawani daga fuska, ya ƙura wa ƙasa ido. Mutari ya ƙunshe dariya, ta ƙi ƙunsuwa, ta fito masa ta hanci.

"Kafaran, wacce ce bindiga mai jigida a ciki?"

Ari ya laluba ƙugu ya nuna masa harsashi uku, dariya ta ɗauke.

"Abin da biro ke cigiya yana da daraja," in ji Ari. "Ku ɗaure mu tafi."

Nan wahala ta fara. Katako mai kaifin gefe igiya na samun wurin kamawa, wannan kuwa sumul yake, ga mai. Taku ashirin, ɗaya ya zame. A tsaya, a ɗauka, a ɗaure. Taku talatin, biyu su zame, ɗaya ya daki ƙafar Mutari ya hau rawa da ƙafa ɗaya yana zagin kakan bishiyar. Ban taɓa jin 'yan fashin da suka gudu da kaya a hankali irin haka ba, ko tsohuwa mai sanda ta bi su sai ta cim musu. Sai da Tahiru ya gaji, ya murɗa ciyawa ya sa a tsakanin katakan, ya ɗaure su yadda aka koya masa, sannan tafiya ta miƙe. Da la'asar sakaliya aka tsuge da ruwa, ya shafe sawunsu kaf.

A bakin kwari kuwa, mutanen ƙauye sun cire ƙofar kamiyon da Zubairu a jikinta kafin su zare shi. Sarjan Suma'ila na jandarman Takeita ya iso bayan ruwa. Siririn mutum ne, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya manta abin da aka gaya masa. Ya saurari Zubairu har ƙarshe, ya sa sanda ya tsamo takalman daga taɓo, ya ɗaga su a gaban Malam.

"Malam, an ce ɓarawo ya cire maka takalmi."

"Mai ladabi ne."

"Ka san shi?"

"Fuskarsa a rufe take."

"Ban tambaye ka fuska ba."

Malam Alkasum bai iya ƙarya ba, bai kuma iya miƙa wanda ya raina da hannunsa ba. Ya sunkuyar da kai yana gyara fensir a kunne.

"Ka ji ni da kyau, baba," in ji Sarjan. "Kai kaɗai ka san ranar da motar za ta bi nan. Ɓarawo ya durƙusa maka a gaban shaida. In katako bai dawo ba, kuma ba ka faɗi suna ba, za a ce da kai aka haɗa baki. Kaso ne, gidan yari, kuma ba na kwana biyu ba."

"Allah ya dawo da katakon," in ji Malam.

Aka tafi da shi Takeita, aka rufe shi a ɗan ɗakin da ke bayan barikin jandarma. Mutumin da ya haura saba'in, wanda ko ƙusar wani bai taɓa ɗauka ba.

A cikin duwatsu, su Ari suka sami wani lungu da ba a gani daga hanya. Mutari ya zube katakan a ƙasa ya kwanta. Tahiru ya tashi ya jera duwatsu a inuwa, ya ɗora katakan a kai ɗaya bayan ɗaya, yana sa kara a tsakani don iska ta ratsa.

"Amarya kake wa jere?" in ji Ari.

"In sun kwana a danshi za su karkace."

"Su karkace mana. Naka ne?"

Tahiru ya kai babban yatsa yana bin gefen wani katako daga wannan baki zuwa wancan. Ko'ina daidai, babu inda hannu ya yi gaggawa. Ya san hannun da ya yi wannan aiki, ya kuma san yadda bayan tsohon ke ciwo in ya daɗe a sunkuye. Kunya ta kama shi har ya kasa cin tuwo.

Ranar kasuwar Garagumsa Ari ya aiki Mutari da katako ɗaya, ya gwada ko zai shiga. Mutari ya dawo da rana, katakon a ka, yana haki.

"Yaya?" in ji Ari.

"Kafaran, wannan ba kaya ba ne, jaraba ce. Wani ya ce zai yi benci, ya kawo ƙusa, uku suka lanƙwashe, ya ce in biya shi ƙusoshinsa. Mai itace ya ce gatarinsa ya fi ƙarfin wasa. Wani mahauci har ya fara tayawa, sai wata mai fura ta ce, kai, ba irin wannan ne jandarma ke cigiya ba? Duk ƙasar nan babu mai irinsa. Na ɗora shi a ka na ranta a na kare."

"An biyo ka?"

"Wa zai bi mahaukaci mai gudu da katako? Amma akwai labari. Tsohon nan an rufe shi a Takeita. Wai da shi muka haɗa baki, saboda wani wawa ya cire masa takalmi. An ce ya ƙi faɗin suna. Bayan biki za a kai shi gaban alƙali."

Ya faɗa yana dariya, yana duban ƙafafun Tahiru. Tahiru bai yi dariya ba.

Ari ya yi ta murza gemu. Can ya ce, "Bon. To, gobe mu ƙone su. Ba katako, ba shaida."

"Tsohon fa?" in ji Tahiru.

"Tsohon me?"

"In an ƙone su ba zai fito ba."

"Ubanka ne? Na gane shi, malamin nan naka ne da ya mare ka a gaban jama'a, ni kuwa na ba ka tuwo. Ka tuna wanda ya tsince ka."

Tahiru ya tuna. Ya tuna tuwon, ya tuna marin, ya kuma tuna shekara tara da ke gaban marin. Tsohon nan yana da sunansa a baki, kalma ɗaya ce za ta fitar da shi, ya zaɓi ya kwana a ƙasa.

"Wannan icen ba ya kama wuta haka nan," ya ce. "Sai da kananzir."

"Ka tabbata?"

"Ni na yi kafinta. Ku kun yi?"

Ari ya harare shi. An ga fuskar Mutari a kasuwa, shi kuma Kafaran ba ya zuwa aike. Da gari ya waye ya miƙa wa Tahiru kwalba.

"Takeita. Bit-bit. Kada ka tsaya gaishe da kowa."

Hantsi ya yi zafi lokacin da wani dogo ya tsaya a ƙofar barikin jandarma, ƙafa ba takalmi, duk ƙaya ta sassoke ta, da kwalba a hannu. Sarjan Suma'ila na zaune a baranda.

"Lafiya?"

"Na zo karɓar takalmina."

Sarjan ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya shiga ciki, ya fito da takalman, ya ajiye a gabansa. Tahiru ya zura ƙafa, suka zauna daram.

"To cire," in ji Sarjan. "Shaida ne."

Aka kai shi bayan bariki. Malam na zaune a kan tabarma, an karɓe masa fensir, kunnen ya zama wani iri. Tahiru ya durƙusa a bakin ƙofa. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ce ka zo, wawa?"

"Ba kowa, Malam."

"Katakon fa? A ƙasa kuka zube min su?"

"Na ɗora su a kan duwatsu, da kara a tsakani."

"A rana?"

"A inuwa."

"To," in ji Malam, ya juya fuska bango yana goge ido da bakin riga.

Sarjan ya yi gyaran murya. "In kun gama darasi, akwai mai bindiga a daji. Harsashi nawa gare shi?"

"Uku."

"Yana harbi?"

"Ban taɓa gani ba, Sarjan. Amma ni ma bai taɓa ganin na ci amanarsa ba."

Jandarma huɗu suka bi Tahiru, Sarjan na biyar. Tun daga nesa suka hango hayaƙi yana tashi daga duwatsu. Ari ya gaji da jira. Ya sa Mutari ya tara karan dawa da busasshiyar ƙirare a gindin katakan, ya ƙyasta.

Tahiru ya fizge daga hannun jandarma.

"Kai! Tsaya!"

Ina! Ya riga ya haye dutse. Ya dira cikin lungun, ya sa ƙafa ya watsa karan — ƙafar da ba takalmi. Wuta ta lashi bakin katakan ƙasa. Ya rungumo uku ya ja baya.

"Ina kananzir?" in ji Ari. Sai ya hango hulunan jandarma a kan dutse. Fuskarsa ta canza. "Ni? Ni ka sayar, ɗan banza?"

Mutari ya yi wajen raƙuma. Ya haye ɗaya, ya dake shi — raƙumi ya ci gaba da tuƙa, ko motsi. Takobi ya harɗe masa ƙafa, ya faɗo, jandarma ya zauna a kansa.

Ari ya ɗura harsashi. Ya saita ƙirjin Tahiru. Ya ja.

Ƙyas!

Shiru. Ya zare, ya jefar, ya sa na biyu.

"Ajiye bindiga!" Sarjan ke nan daga sama.

Ƙyas!

"Kafaran, bari," in ji Tahiru. "Don Allah bari."

Na uku ya shiga. Idon Ari ya yi ja.

Daram!

Duwatsu suka amsa. Tahiru ya faɗi da baya, katakai uku a ƙirjinsa. Jandarma biyu suka dira kan Ari, bindiga ta yi gefe. Sarjan ya sauko da gudu, ya ɗaga katakan yana neman jini. Babu. Harsashin ya huda na farko, ya shiga na biyu, ya tsaya a ciki. Ya tsufa a ƙugun wando, ya kuma gamu da icen da ƙusa ma sai an roƙa mata hanya.

Tahiru ya buɗe ido. "Sarjan, a kashe wutar."

Ari na kwance, an ɗaure masa hannu ta baya. Ya ɗaga kai ya dubi hujin.

"Shekara goma sha biyar ina ajiyarka," ya ce wa harsashin, "ka rasa abin kashewa sai katako."

Bai sake duban Tahiru ba, ko a hanya, ko a gaban alƙali. Wannan ya dami Tahiru fiye da ƙunar ƙafarsa, don duk abin da za a faɗa a kan Ari, tuwon da ya ba shi tuwo ne.

Aka saki Malam a ranar, aka mayar masa da fensir. Ya ƙirga katakansa sau biyu, arba'in. Huɗu sun babbake a baki, biyu da huji. Saura kwana biyar biki. Ya ce wa Sarjan shi kaɗai ba zai gama ba, kuma duk Damagaram mutum ɗaya ne ya san yadda yake son aikinsa. Sarjan ya yi ta kai da kawowa a biro, a ƙarshe aka yarda.

Haka mutanen gari suka ga abin da ba su saba gani ba. Kafinta a tsakiyar fili, marin ƙarfe a ƙafa, ƙafar a naɗe da tsumma, jandarma na tsaye a kansa da laima. Kowace ƙusa sai ya huda mata wuri kafin ya ɗaga guduma. Malam na bin sa da ido, bai ce ya yi daidai ba, bai ce bai yi ba. Waɗanda suka babbake aka sa su daga baya. Wanda harsashin ke ciki kuwa, Malam ya kifa shi a matakalar farko, hujin na kallon ƙasa.

Ranar uku ga Agusta manya suka hau, aka ɗaga tuta, aka yi guɗa. Da suka sauka jama'a suka haye, mata da goyo, tsofaffi, manoma daga Zermu, mafi yawansu ƙafa ba takalmi, kowa na son ya taka inda aka tsaya. Ba wanda ya sauko da sartse. Tahiru bai gani ba, yana kaso, amon tambura kawai ya ji.

Ari ya sami shekara goma, kuma tari ya ɗauke shi kafin ya cika su. Mutari ya sami biyar, raƙumansa suka shiga hannun hukuma, har da wanda ya ƙi tashi. Tahiru uku, saboda shi ya kawo kansa. Zubairu bai yi asarar komai ba sai ƙofa, ya kuma sami labarin da ya yi ta bayarwa a tasha, 'yan fashin suna ƙaruwa duk shekara.

Ranar da za a wuce da su babban kaso, Malam ya zo bakin ƙofa da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya roƙo takalman daga wurin Sarjan, ya wanke su, ya ɗinke maɗaurin da ya tsinke. Ya ajiye su a gaban Tahiru.

"Sa. Hanyar da tsakuwa."

Tahiru ya dubi takalman, ya dubi tsohon, ya durƙusa da marin ƙarfensa a ƙafa. Ƙafar ta ƙi shiga takalmin.

"Ba zan iya a gabanka ba, Malam."

Malam ya yi tsaki.

"Marin nan da na yi maka," ya ce, "a cikin shago ya kamata in yi shi, ba a gaban mutane ba. Na daɗe ina son in gaya maka."

Jandarma ya taɓa kafaɗar Tahiru, layi ya fara tafiya. Malam ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki takalman.

"To tafi haka. Zan ajiye maka su inda ka saba cirewa."

Duk wanda ya bi ta shagon Malam Alkasum a Birni cikin shekarun nan uku ya gan su a bakin ƙofa, a jere, suna kallon ciki. In hadari ya taso tsohon yakan fito ya shigar da su, in an ɗauke ya mayar.